Ƙaramar sigar a madadin babba: zaɓe, ajiya da sha a yanayin Accra

Babbar sigar, wato tabar da ake naɗewa da ganyen taba zalla ba da takarda ba, tana cin lokaci. Wadda ake kira robusto, mai tsawon inci 5, ba ta ƙarewa ƙasa da minti 45, sau da yawa ma sai ta cika awa guda. Churchill mai inci 7 kuwa tana iya kai mutum awa ɗaya da rabi. Wanda ya rufe shago a Tudu ko Makola da yamma, ya sha cunkoson hanya kafin ya isa Madina ko Fadama, ba shi da wannan sararin a ranakun aiki. Sai ya kunna, ya sha kashi ɗaya cikin uku, ya ajiye sauran sai gobe. Goben kuma ya tarar da ita tana ɗaci da warin toka, saboda baƙin maiƙon hayaƙin jiya ya kwanta a cikin ganyen ya huce a can. Babu dabarar da ke dawo da ɗanɗanon farko. Wannan asarar ce ke tura masu sha da yawa ga ƙanana.

Wannan bayani na manya ne da suka riga suka saba da sigar. Wanda bai taɓa sha ba kada ya fara da sunan ai ƙarama ce. Nikotin ɗin da ke cikin babbar shi ne a cikin ƙaramar, illar ga baki da maƙogwaro ita ce dai, kuma mafi yawan malamai a yau suna ganin shan taba haramun ne, masu sassauci su ce makaruhi. Ƙanƙantar ta ba ta sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Yadda ake karanta girma

Lambobi biyu ake rubutawa a jikin kwali: tsawo da kauri. Tsawon a inci ko milimita. Kaurin kuwa ana raba inci ɗaya gida 64, a ƙirga gida nawa faɗin sigar ɗin ya ci. Mai lamba 50 faɗinta ya kusa milimita 20, mai lamba 42 kusan milimita 17, mai lamba 26 ɗan sama da milimita 10, mai lamba 20 kuma kusan milimita 8, wato daidai da karan sigari.

Ido yana ruɗin mutum a nan. Mai lamba 20 ba ta kai rabin mai lamba 50 a faɗi ba, amma a yawan ganye tazarar ta wuce haka nesa. Bakin mai lamba 50 ya ninka na mai lamba 20 fiye da sau shida, in aka haɗa da bambancin tsawo sai robusto ɗaya ta ɗauki ganyen ƙananan nan wajen tara ko goma. Babbar sigar tana ɗauke da giram 5 zuwa 20 na taba, matsakaiciyar sigarilo, wato siririyar ƙaramar sigar, wajen giram 3, mafi ƙanƙanta kuma giram ɗaya ko kusa da haka.

Ƙananan ba iri ɗaya ba ne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka duk abin da ke cikin ƙaramin gwangwani abu ɗaya ne. Aji uku ne, kuma tsakaninsu akwai nisa.

Na farko gajerun naɗin hannu ne. Waɗannan sigar ce cikakkiya da aka rage wa tsawo. Cikinta dogayen ganyaye ne da aka jera daga kai zuwa baki, an ɗaure su da wani ganyen, sannan aka sa mata rigar waje, aka rufe kan da ɗan hula na ganye wanda sai an yanka kafin a sha. A cikin na Kyuba, Montecristo No. 4 tana da milimita 129 da kauri 42, tana ɗaukar minti 30 zuwa 40. Partagás Shorts milimita 110 ce da kauri 42. Montecristo No. 5 milimita 102 da kauri 40. H. Upmann Half Corona kuwa milimita 90 ce kawai da kauri 44, minti 20 zuwa 30 ta ƙare. Kamfanonin Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominikan ma suna yin irin waɗannan girman. Duk wanda abin da yake so a babbar sigar shi ne kaurin hayaƙi da yadda ɗanɗano ke sauyawa daga farko zuwa ƙarshe, nan ya kamata ya tsaya. A ganinmu wannan ajin ne kaɗai ya cancanci a kira shi madadin babba ba tare da an yi wa mutum ƙarin gishiri ba.

Na biyu shi ne sigarilo. Inji ke naɗa ta, cikinta yankakken ganye ne ƙanana-ƙanana, kuma bakinta biyu a buɗe suke, ba a yanka komai. Na Kyuba suna zuwa da girma sananne: Mini mai kusan milimita 82 da kauri 20, minti 5 zuwa 10, Club mai kusan milimita 96 da kauri 22, minti 10 zuwa 15, Purito mai kusan milimita 109 da kauri wajen 26, minti 15 zuwa 20. Ana samun su da sunan Cohiba, Montecristo, Partagás da Romeo y Julieta, Mini da Club a kwalin 10 ko 20, Purito yawanci a kwalin 5. Sai na Turai: Café Crème ta Holan wadda ta fito tun 1963, Panter da Mehari's su ma na Holan, Villiger ta Suwizalan, da Dannemann wadda asalinta jihar Bahia ce a Brazil. Na Turan nan busassu ake yin su da gangan, kuma wannan zai yi tasiri a batun ajiya.

A cikin wannan ajin akwai abin dubawa. Wasu ganye ne zalla ciki da waje. Wasu kuma ɗaurin cikinsu, wani lokaci har rigar, ba ganye ba ne: garin taba ne aka kwaɓa da abin haɗi aka murza shi ya zama shimfiɗa mai kama da takarda ruwan ƙasa. Masu ganye zalla sukan rubuta a kwali cewa taba ce ɗari bisa ɗari. In ana shakka, a sadaukar da guda ɗaya a warware ta. Ganye na gaskiya yana da jijiyoyi, in an ja shi yana ɗan miƙewa ya yage a karkace. Murzajjen kuwa sumul yake, launinsa bai ɗaya, yana yagewa a miƙe. Shi ne ke ba da ƙaurin takarda a bayan harshe.

Na uku su ne masu filta. Girmansu na karan sigari, kwalinsu na sigari, sau da yawa an sa musu ƙamshin banila, ceri ko wani zaƙi. Sunan sigar kawai suka ara. Filtar da zaƙin suna sa hayaƙin ya yi laushi har mutum ya haɗiye shi zuwa huhu bai ankara ba. Wanda ya bar babbar sigar ya koma waɗannan, mashayin sigari ya zama. Ba ma ba da shawarar su ga kowa.

Me ya sa ɗanɗano ya bambanta

Idan sigar ta sirance, rabon rigar waje a kan ganyen ciki yana ƙaruwa. A mai lamba 20, rigar tana da rabon da ya ninka na mai lamba 50 sau biyu da rabi. Ke nan a ƙaramar sigar rigar ce ke jan ragamar ɗanɗano, kuma ita ya kamata a fara tambaya kafin sunan kamfani. Rigar Connecticut, mai launin shayi da madara, tana da laushi, ita ta fi dacewa da safe. Ta Sumatra da ta Java daga Indonesiya suna da ɗan yaji da bushewa a baki, su ne a kan yawancin sigarilon Holan. Ta Brazil, musamman Mata Fina, baƙa ce mai ɗan zaƙi da nauyi. Ta Kamaru, wadda ake nomawa a Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, tana da zaƙi da yaji tare, sai dai siririya ce ƙwarai, ba ta jure hunturu ko matsi a aljihu.

Abu na biyu, mai naɗa babbar sigar yana da wurin haɗa ganye uku ko huɗu: na saman shuka mai ƙarfi da jinkirin ci, na tsakiya mai ƙamshi, na ƙasa mai saurin kama wuta. A siririya babu wannan wurin. Shi ya sa sigarilo ɗanɗanonta ɗaya ne daga kunnawa har ajiyewa. Wannan ba aibi ba ne in mutum ya san abin da ya saya, amma wanda ya zo yana neman abin da ya saba ji a Churchill zai ce an cuce shi.

Wasu sukan ce to a sayi babba a raba ta biyu da reza. Kada a yi. Rigar an naɗe ta ne daga baki zuwa kai, a kan kawai aka liƙe ta. Da an raba, rabin da ba shi da kai zai fara warwarewa tun kafin a kunna. Wadda aka yi don a raba ita ce Toscano ta Italiya, mai ƙiba a tsakiya da sirantaka a bakuna biyu, wadda ake yi da ganyen Kentucky da aka busar da hayaƙin itace. A Italiya ma al'ada ce a yanka ta biyu, har ana sayar da rabin a shirye da sunan Toscanello. Tana da ƙarfi da ƙaurin itace, ba ta mai sabon shiga ba ce, amma busasshiya ce mai jure zafi.

Saye

A fara da kwali ɗaya mafi ƙanƙanta, kada a sayi akwati. Kayan da suka shigo Ghana ta hanyar da ta dace suna ɗauke da gargaɗin lafiya mai hoto a jikin kwali da tambarin haraji na hukumar tara kuɗin shiga. Wanda babu ko ɗaya a jikinsa, ba a san inda ya kwana ba, ba a kuma san watanni nawa ya yi a rana ba. Kanti mai na'urar sanyaya ɗaki ya fi teburin bakin titi, domin zafin rana yana ƙone man ganyen, kuma wannan ba ya dawowa.

Cohiba ita aka fi yi wa jabu a duniya. In aka kawo maka akwatinta mai murfin gilashi, na jabu ne, kamfanin ba ya sayar da ita a haka. In farashin ya faɗi ƙasa da rabin na kanti, araha ba ta ado. A na naɗin hannu, a duba kan: hular ganyen ta zauna tsaf, babu tsagewa. A ɗan matsa jikin tsakanin yatsa biyu daga kai zuwa baki. Ya ɗan lotsa ya dawo. In akwai wuri mai tauri kamar dutse, iska ba za ta wuce ba. In akwai rami, za ta ci wuta a karkace. A juya gwangwani a kan farar takarda a ɗan buga shi. In gari mai laushi ya zubo, a duba jikin sigar ɗin ko akwai huda girman kan allura. In akwai, ƙwaro ya shiga, a bar wa mai kanti kayansa.

Ajiya, inda aka fi yin asara

Kusan duk shawarar da ke intanet an rubuta ta ne don Turai da Amurka, inda matsalar bushewa ce. Can ake cewa a zuba ruwa a soso a sa cikin akwatin itace. A Accra matsalar akasin haka ce a mafi yawan shekara. Sigar naɗin hannu tana son danshin iska kashi 65 zuwa 70 cikin 100 da sanyi digiri 18 zuwa 21. Iskar Accra, da teku a gefe, takan haura kashi 80, musamman a watan Mayu da Yuni, zafin ɗaki kuma da wuya ya sauka ƙasa da digiri 24 ko da dare. Kumasi ma da damina haka ne. Wanda ya ƙara ruwa a kan wannan, fumfuna yake kiwo. Ga kuma ƙarin damuwa: siririyar sigar tana shan danshi ta kuma saki shi cikin sa'o'i kaɗan, abin da babba za ta yi kwanaki kafin ta nuna.

Abin da ke aiki a nan shi ne robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, mai zoben roba a baki, ko kwalbar gilashi mai irin wannan murfin. Sabuwa, wadda ba ta taɓa ganin shito ko miya ba. A wanke da ruwa, a bar ta ta bushe sarai. A sa jakar daidaita danshi irin ta Boveda, wadda ke tsotse danshi in ya yi yawa ta sake shi in ya yi kaɗan. A ɗauki jaka mai lamba 65, wato mai riƙe danshi a kashi 65, ko 62 da tsakiyar damina; mai 69 da 72 sun yi wa Accra yawa. Jaka mai giram 60 tana isar sigar matsakaita 25, mai giram 8 kuma guda biyar ko ƙaramin gwangwani. In jakar ta taurare tana ƙaras-ƙaras, ta ƙare aiki. In kuma ta kumbura tim, alama ce murfin yana shigar da iska. A buɗe robar sau ɗaya a mako na ɗan lokaci, a ajiye ta a ƙasan kabad a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana ke duka da kuma rufin kwano.

Ma'aunin danshi mai batir ba shi da tsada, amma da yawa suna ƙarya, sai an gwada. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a sa shi tare da ma'aunin a leda mai zif a rufe, a bari ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 71, a san kullum sai an ƙara 4 a kan abin da ya faɗa.

Busassun na Turai da Toscano ba sa bukatar jakar danshi. Abin da suke bukata shi ne kariya daga iskar gari. Da an ɓare ledar gwangwani, a sa shi a leda mai zif ko a robarsa daban. In aka bar gwangwanin a buɗe a watan Yuni, cikin kwana biyu za su yi laushi, su riƙa mutuwa, ɗanɗanon ya koma tsami. Masu ƙamshin banila ko kofi kada su kwana roba ɗaya da marasa ƙamshi, mako guda ya isa duka su ɗauka. Ganyen taba yana kwasar warin duk abin da ke kusa da shi: turaren wuta, daddawa, busasshen kifi, sabulu, kananzir.

Daga Disamba zuwa Fabrairu al'amarin yana juyawa. Hunturu a bakin teku bai kai na Tamale ko Bolga tsanani ba, amma kwanakin da ya sauko da gaske ya isa ya fasa riga siririya. Ɗaki mai na'urar sanyaya da ke aiki dare da rana ma yana busar da iska haka. A lokacin a ciro abin da za a sha kawai, a mayar da murfi nan take. Mai tafiya arewa ya ɗauki ƙaramar jaka mai giram 8 a cikin gwangwaninsa, kada kuma ya bar shi a aljihun gaban mota.

Sai ƙwaron taba. Ƙwansa yakan zo a cikin ganyen tun daga masana'anta, yana ƙyanƙyashewa in zafi ya haura wajen digiri 23 tare da danshi, wato yanayin ɗakin Accra a kowane wata. Maganinsa sanyi. A sa sigar a leda mai zif biyu, a matse iska, a ajiye a firji kwana ɗaya, a firiza kwana uku zuwa huɗu, a mayar firji kwana ɗaya, sannan a fito da ita a bar ta a ledar a rufe har ta dawo zafin ɗaki. In aka buɗe da wuri raɓa za ta kwanta mata. In an ɗauke wuta a tsakiya har firiza ta saki, a sake ƙirga daga farko. Ban da wannan aikin, firji ba wurin ajiyar sigar ba ne: yana busar da ita, yana kuma sa mata warin abinci.

Fumfuna kuwa, in fari ne ɗan kaɗan a kan riga, a goge da tsumma busasshe, a ware sigar ɗin, a wanke robar a shanya. In ya shiga bakin sigar inda ganyen ciki yake, ko launinsa kore ne ko shuɗi, a zubar.

Kunnawa da sha

Sigarilo ba ta bukatar yanka. A na naɗin hannu a cire milimita 2 kawai daga kan, a tsaya kafin inda hular ta ƙare. In aka wuce nan rigar za ta kwance. Abin yanka mai reza biyu ya fi, in babu sabuwar reza ta isa, amma ba haƙori ba.

A yi amfani da laita mai gas mai harshen wuta na yau da kullum, ko ashana bayan an bar kan ya gama ci. Laita mai feso wuta shuɗiya an yi ta ne don masu kauri, siririya takan ƙone santimita guda kafin a ɗauke hannu. Kyandir, fitilar kananzir da laitar fetur suna barin wari. A riƙe sigar a karkace, bakin yana saman harshen wutar ba a cikinsa ba, a juya ta har gefen ya yi baƙi zagaye, sannan a kai baki a ja sau biyu a hankali.

Daga nan sai abin da ya fi komai: jinkiri. Garwashin ƙaramar sigar yana kusa da baki, hayaƙin ba shi da doguwar hanyar da zai huce. Ja ɗaya a kowane sakan 40 zuwa minti guda ya isa, kuma ja mai sauƙi, ba irin na sigari ba. A bar hayaƙin a baki ɗan lokaci a fitar, ba a haɗiye shi. In jikin sigar ya yi zafi a yatsa, an yi sauri, a ajiye ta minti ɗaya. Yankakken ganye ba ya riƙe toka, a kaɗe ta a hankali in ta kai santimita ɗaya, kafin ta faɗo a kan kaftani. In saura santimita 2 zuwa 3 a ajiye, domin nan ne maiƙon ya taru. Ba a murtsuke ta, a bar ta ta mutu da kanta, murtsukewa ke tayar da mugun wari.

Kada a sha da yunwa. Bayan waakye ko tuwon zafi ya fi. Ataya mai kauri da sukari da na'ana'a tana danne mai laushi irin Connecticut, ta fi tafiya da ta Brazil ko Toscano. Baƙin shayi, kofi ko ruwan sanyi sun dace da kowace. Goro da sigar tare ɗaci ne a kan ɗaci.

In abu ya ɓaci

Tana yawan mutuwa, ko ja yana wuya: danshi ya yi yawa, shi ne ciwon da aka fi gani a nan. A ciro ta a ajiye a ɗaki mai na'urar sanyaya awa biyu zuwa uku, ko a busasshen kwali ta kwana in ta naɗin hannu ce. In har yanzu ta toshe, a murza wurin mai tauri a hankali, ko a zura siririn tsinke ta kan har santimita 2.

Tana ci da sauri, hayaƙin yana ƙona harshe, rigar tana ƙara in an taɓa: ta bushe. A mayar da ita roba mai jakar 65 ta yi mako ɗaya zuwa biyu. Kada a yayyafa mata ruwa, ganyen ciki zai kumbura ya fasa rigar.

Gefe ɗaya yana gaba: ko ba a kunna ta zagaye ba, ko fanka ko iskar teku na dukan gefe guda. A juya gefen da ya makara ya koma ƙasa, in bai kamo ba a taɓa shi da wuta.

Riga ta ɗage: a jiƙa ɗan ƙaro, irin wanda ake sa wa tawadar allo, a shafa kaɗan da kan tsinke, a danne, a jira minti biyar. Ba a sa gam na kanti.

Ta mutu a tsakiya: in bai wuce rabin awa ba, a kaɗe tokar, a hura ta ciki zuwa waje sau ɗaya don tsohon hayaƙi ya fita, a sake kunnawa. Sigarilo da ta kwana ba ta da sauran amfani.

Jiri, zufa mai sanyi, tashin zuciya: nikotin ya yi yawa. A ajiye nan take, a fita iska, a sha ruwa da wani abu mai zaƙi, a zauna. Wannan yakan kama masu kunnawa da an sha ruwa a watan azumi, ciki babu komai. In da ciwon ƙirji ko numfashi ya ƙi daidaita, asibiti za a nufa.

Ƙirga

Babban haɗarin ƙaramar sigar sauƙinta ne. Babba tana da shinge: tsada, yanka, awa guda a zaune. Shi ya sa mai shan ta yakan tsaya a ɗaya ko biyu a mako. Gwangwani mai guda 20 a aljihu ba shi da shinge ko ɗaya. Ɗaya bayan karin kumallo, ɗaya a jiran fasinja, ɗaya a majalisar ataya, kafin wata ya ƙare mutum yana shan biyar a rana. Biyar a rana 35 ne a mako, ganyen da ya kai robusto uku zuwa huɗu in Mini ce, kuma kuɗin da aka ce za a rage ya ninka. Wanda ya taɓa shan sigari a baya ya fi kowa shiga wannan, domin hannunsa da ƙirjinsa sun saba, zai haɗiye hayaƙin ko bai yi niyya ba.

Saboda haka a yanke adadi tun ranar saye, a bar gwangwani a gida, a fita da guda ɗaya in za a fita da ita. Ƙaramar ta zauna a gurbin babbar, a lokacin da aka saba shan babbar, kada ta buɗe sababbin lokuta. In mutum ya ga yana neman ta da farkawa, ko ransa na ɓaci in ta ƙare, kamu ya riga ya faru, abin da ya rage shi ne neman taimakon likita ko mai kantin magani a kan dainawa. Sigarilo ba hanyar barin sigari ba ce.

Rashin haɗiye hayaƙi ma ba kariya ba ce. Nikotin ɗin sigar yana shiga jini ta fatar baki, kuma mai shan ta a kai a kai yana fuskantar haɗarin kansar baki da maƙoshi kusan daidai da mai shan sigari, ga ciwon dasashi da zubewar haƙori. Gyambo a baki da ya wuce mako uku bai warke ba, fari ko jan tabo a harshe ko cikin kumatu, dashewar murya da ta daɗe, ko wahalar haɗiya, duk abin kai wa likita ne ba tare da jira ba.

Inda ake sha

Dokar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Ghana ta 2012, mai lamba 851, ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki sai a inda aka keɓe, ta hana tallar ta, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba ko aiken sa ya sayar. Ƙa'idojin 2016, L.I. 2247, sun fayyace yadda ake aiwatarwa, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ce ke sa ido. Tashar mota, cikin trotro, gidan abinci da ofis duk suna ciki. Kada a aiki yaro sayo ta.

A gidajen haya na Nima, Mamobi da Sabon Zongo, inda ɗaki ke jikin ɗaki kuma tsakar gida ɗaya ce, hayaƙin sigar yana shiga tagar maƙwabci, kuma ya fi na sigari kauri da daɗewa a labule da katifa. Ba a sha a ɗakin da yara ko mai ciki ko mai asma ke kwana, ko da taga a buɗe. Ba a sha a gaban manya. Mai zuwa masallaci ya bar tazara, ya yi asuwaki, ya sauya riga in ta ɗauka, don kada ya cutar da na kusa da shi a sahu. Guntayen kuma a tara su a gwangwani mai murfi da ɗan ruwa a ciki, a ajiye inda hannun yaro ba ya kai, domin guntu ɗaya in mai rarrafe ya tauna ya isa ya sa shi amai da rawar jiki, kuma in hakan ta faru a tafi da shi asibiti tare da ragowar abin da ya tauna.